Yatsa Uku Tsakanin Fanka da Lagireto

Gashuwa, daren Laraba, watan Rajab.

Shekara bakwai ke nan da aka yanke mu daga jihar Borno, ban ɗaura injin da ya gajiyar da ni kamar na motar Alhaji Modu ba. Injin ɗan Kwatano ne, ya fi tsohon tsawo. Da muka zaunar da lagireto na zura hannu, yatsa biyu ne tsakaninsa da fanka. Ni uku na sani.

Alhaji ya ce, "Haba Baba, yatsa ɗaya ne zai hana ni cin kasuwar Kumagannam?"

Na ce, "A kwalta biyu sun isa. A yashin Yusufari inji zabura yake yi, fanka ta cinye lagireto."

Na taɓa gani. Da ta cinye na wata motar da nake ciki, kwana biyu muka yi a kan tudu, muna raba ruwan jarka ɗaya.

Alhaji ya ce tsufa ne ke damuna. Wataƙila. Ya tafi ba sallama, makullin motar dai yana aljihuna.

Da safe zan kira Sande mai walda ya yanke ƙafafun lagireton mu matsar da shi gaba. Sai yatsa na uku ya shiga zan zuba ruwa.