Inda Kwamfutar Ke Ɗaukewa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Auta ta gama jarrabawa, barci kawai take kamar an aiko ta, Inna kuma tana nan da ƙarfinta, faɗa ma ya ƙaru.

Kwamfutar da ka bar mana a falo ce ta sa ni a gaba. Ka san a cikinta kaɗai bidiyon nan yake, wanda ka ɗauki marigayi Baba yana ba da labarin ƙuruciyarsa. Tun rasuwarsa Inna ba ta yarda ta kalla ba, sai kwanan nan ta fara cewa a kunna mata. To, ana cikin kallo sai allon ya yi baƙi ƙirin, komai ya tsaya cak. Idan na sake kunnawa ta daɗe tana tunani, ta jero wasu rubuce-rubuce da ban gane kansu ba. Auta ta ce zafi ne, na bai wa kwamfutar fankar ɗakina, ni na koma fifita da kwali. Maigidana ya ce datti ne, ya buɗe cikinta ya hure ya mayar, wasu ƙusoshi suka yi saura, har yau ba mu san mazauninsu ba. Na kai ta wurin mai gyara, ta wuni a shagonsa tana aiki lafiya ƙalau kamar mai kunyar baƙo. Da na ce masa a kan bidiyon kaɗai take ɗaukewa, sai ya ce ai shi ne ya lalace, a goge shi kafin ya cinye sauran. Wallahi Yaya kaina ya kulle, saura kaɗan in yarda.

Jiya Inna ta ce a kunna. Na sunkuya ɗauko birona da ya faɗa ƙarƙashin tebur, daidai inda Baba ya gama dariya zai fara tarin nan, sai na ga ƙafar Inna ta miƙe a hankali ta danne makunnin soket. Na ɗago, ta kau da kai. Sai da na matsa mata ta ce ita ba ta san ana iya tsayar da bidiyo ba, ta ɗauka kamar rediyo ne. Dariyar take son ji, tarin kuwa wanda ta ji a asibiti ya ishe ta. Wai da ta ga duk mun tayar da hankali a kan na'urar, kunya ta hana ta magana.

Mai gyara ya ce yawan yanke wutar ya fara taɓa ma'ajiyar bayanan kwamfutar, don haka gobe in sha Allahu zan kwafe komai. Amma ga inda na rasa ta cewa. Inna ta roƙe ni in yanke bidiyon daga dariyar, in watsar da sauran. Kai ka san bayan tarin ne ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya sa mana albarka, sannan ya rufe da sunanta, ya ce ta yafe masa wahalar da ya ba ta. Ba ta taɓa kaiwa wurin ba. In faɗa mata ne, ko in bar ta da dariyar? Kai ne babba, ka faɗa mini.

Ka gaishe da Anti da Ƙaramin Baba da Gimbiya. Inna da Auta da maigidana suna miƙo gaisuwa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
'Yar Tsakiya