Gidan Sunan Miji

Yamai, 3 ga Mayu

Zuwa ga taubashina Attahir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da amaryarka Rahama suna lafiya. Mun gama haɗa likitocin ƙauyuka arba'in na Adar, wato ƙananan asibitoci, da babbar likita ta Tawa a kan rezo guda na wayar salula. In haihuwa ta yi gardama, majo, ma'aikacin jinya mai riƙe da asibitin ƙauye, zai danna waya, motar marasa lafiya ta taso. Ka san don wa na yi shi. Da kira ya isa bara, da ƙanwata Safiya tana raye.

Kafin mu buɗe ina son a gwada shi. Ban san wanda ya fi ka iya ɓarna ba. Na sanar da majon Barmu. Ka lalata shi in ka iya.

Naka, Alhusaini

Barmu, 12 ga Mayu

Zuwa ga bawana Alhusaini, injiniyan birni,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri da ajamina, in ya gagare ka nemi mai ilimi ya karanta maka. Na cire batirin sola, saƙo ya tafi. Na kai wayar bayan dutse inda babu rezo, ya jira, muna hawowa ya tafi. Na danna ƙarya sau bakwai, ya rufe mani ƙofa. Na yarda, wannan karon ba ka ba mu kunya ba.

Amma jiya na tura Rahama da Inna su yi kamar naƙuda ta zo. Majo sabo ne, mutumin Doso, bai san kowa ba. Waya ta ce sai an rubuta sunan miji kafin kira ya fita. Ya tambayi Rahama, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya juya wajen Inna, ta ce, "Ɗan nan, ɗana na fari ne fa. Rubuta Wancan." Ya rubuta, waya ta ƙi. Ina laɓe bayan taga ina dariya, har na duba inuwa na ga yadda ta matsa, lokaci ya tafi kira bai fita ba. Sai dariyar ta tsaya.

Ka cire gidan nan da ake rubuta sunan miji.

Ubangidanka, Attahir

Yamai, 15 ga Mayu

Attahir,

Gaisuwa. Ba zan iya cirewa ba. Mota biyu kawai gare mu. Ana gwama sunan da rajistar ƙauye don a tabbatar kiran gaskiya ne. Saboda irinka na sa shi. In wani ya aika mota Kalfu don wasa, wata tana zubar da jini a Bambeye, wa zai ɗauki alhaki? Mace a bakin mutuwa za ta faɗi suna.

Alhusaini

Barmu, 20 ga Mayu

Ɗan'uwana,

Sallama. Yau babu tsokana.

Ba ka nan ranar Safiya, ni na tuƙa amalanken. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun hantsi ciwo ya kama ta, ba ta ce uffan ba har la'asar, don haihuwar fari ce, kada a ce ba ta da kunya. A hanya na ce, "In kira mijinki?" Ko a nan ba ta ambace shi ba. Cewa ta yi, "Gaya wa mutanen gida." Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Ka yi wa irina katanga, ka yi daidai. Amma ka bar majo ya sa yatsansa a waya ya tsaya wa kiran, suna ya biyo baya. In ƙarya ce, ka san wuyan da za ka kama.

Rahama ta shiga wata takwas. Hadari ya fara haɗuwa gabas.

Allah ya ji ƙan Safiya. Attahir

Barmu, 24 ga Yuni

Alhusaini,

Ranar Talata da azahar abin ya zo wa Rahama da jini. Majo ya sa yatsa yadda ka gyara, mota ta iso kafin ruwa ya cika ƙorama. An yi mata aiki a Tawa. Mace ce, duka biyun suna lafiya. Bikin suna ranar Talata mai zuwa, ka san sunan da za a raɗa.

Na ga takardar. Gidan sunan miji babu kome. Har yau ba ta faɗa ba.

Ka zo da rago, bawa.

Wancan