Tsoron allurar wuya kafin aikin kafaɗa

Malama Laure, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni masunci ne a Argungu, da kamun kifi nake ciyar da iyalina. Bara kwalekwale ya kife da ni, kafaɗar dama ta goce. Maɗori ya mayar da ita, amma tun daga nan ko birgi, ragar kamun kifi, na ɗaga zan jefa sai ta sake fita. Har a sujada ta taɓa fita. Daga asibitin Birnin Kebbi aka tura ni Sakkwato, likita ya ce sai an yi aiki. Ni aikin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai, ya ce bayan maganin barci akwai wata allura da za su yi mini a gefen wuya, ta kashe hannun gaba ɗaya don kada in farka cikin azaba.

Malama, shanyewar ɓarin jiki ce ajalin mahaifina. Ni nake ɗaga masa hannu in sa masa riga, hannun kamar jiƙaƙƙen tsumma, yana kallonsa yana hawaye. Yayana Atiku ya ce hannun da aka kashe ba ya tashi, in koma wurin maɗori. Matata Riskuwa kuwa ta gaji da ganina zaune bakin gulbi ina kallon abokaina suna shiga ruwa. Ban gaya mata abin da nake tsoro ba, kunya nake ji. Likita yana jiran amsata.

Mai Birgi, Argungu

Malam Mai Birgi, Allah ya jiƙan Baba. Wanda ya yi jinya irin wadda ka yi, ba abin kunya ba ne ya ji tsoro.

Na tambayi wani likitan sa barci. Ciwon mahaifinka daga ƙwaƙwalwa ya taso. Allurar kuwa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi take sa wa barci na ɗan lokaci. Za ka farka hannu ya yi nauyi, ba ya motsi, sannan ya soma tsikari, yawanci kafin kwana ya zagayo ya dawo. Murya na iya dishewa, fatar ido ta ɗan sauko, duk su wuce.

Atiku bai yi kuskure duka ba. Akan sami wanda tsikarin ya daɗe masa, wani lokaci ma jijiya ta taɓu, amma ba kasafai ba. Sai dai ita ma kafaɗar da ke ta gocewa kullum ƙara lalacewa take yi.

Ka koma wurin likita tare da Atiku, ya ji da kunnensa. Ka ba likita labarin mahaifinka, in kana da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ka faɗa. Kana da ikon ƙin allurar, akwai wasu magungunan. In ka yarda, ka sha ƙwayar rage zafi da za a ba ka tun kafin allurar ta sake ka, ka kiyaye hannun daga wuta da ruwan zafi.

Amma kafin komai, ka zauna da Riskuwa yau ka faɗa mata gaskiya. Ita za ta riƙe maka hannun ranar da ba ka jin sa. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗarka.

Laure