Ƙwayar Iya Ladi

Daren Talata, 14 ga Maris, 1989

Tun magariba na dawo gida Sauka Kahuta daga aiki a asibiti. Da rana Hajiya Asabe ta gado na huɗu ta tashi za ta banɗaki, sai ta yanke jiki ta faɗi. Na auna jininta, ya yi ƙasa sosai, alhali ciwon ƙafa ne ya kawo ta.

Sai Iya Ladi, tsohuwar nan ta Gidan Kwano da ke gadon kusa da ita, ta yafuto ni. "'Yata, ni na ba ta maganina. Kanta na ciwo. Kullum tana ba ni abinci, ni ba ni da komai."

Ƙwayar hawan jininta! Kwana uku tana miƙa mata.

Na so in balbale ta da faɗa, amma da wane baki? Ni ce ke zuba mata ƙwaya a tafin hannu in wuce, ban taɓa tsayawa na ga ta haɗiye ba.

An yi wa Hajiya ƙarin ruwa, ta farfaɗo, amma ba ta gane ni ba tukuna. Allah ka tashi kafaɗarta. Sista, shugabarmu, ta ce gobe in zo in yi bayani. A takarda kuwa, sa hannuna ne ya ce Iya ta sha, har sau shida.