Ƙotar Bindigar Kafili

Daren Alhamis, unguwar Nuzla

Barci ya ƙi zuwa. Kwanakin nan ina taya kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, zaɓen kayan bindigar gasar harbi da za a haɗa masa, har abin ya shiga raina fiye da shi. Ɗazu na zauna hira wurin maƙwabcina Baba Idrisu, na buɗe waya ina ta zuba: bututu na ƙarfe marar tsatsa, kunama mai laushi, madubi mai jawo nesa kusa. Har na miƙa masa wayar, wai ya zaɓa mana ƙota, ta katako ko ta alminiyam.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, da madubin nan mai harbi yana ganin mutum sosai?"

Na ce har fuskarsa, ina murmushi.

Ya ce, "Ashe wanda ya harbi Usmanuna a Omdurman ya ga jarkar ruwa ce a hannunsa."

Ni da na je masa gaisuwar rasuwar ɗan nan nasa bara! Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Halas, ya wuce, ba da nufi ka yi ba." Ya tashi ya shige gida, ya manta carbinsa a kan tabarma.

Ga carbin nan a gabana. Ban san da wane ido zan kai masa gobe ba.