Allurar da na yi wa ƙanena a Mabai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, dattijo ne ni amma abin ya fi ƙarfina.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo, kowa na sayen rediyo da babur, na yi sharar wani kemis wata shida, na ga yadda ake allura, shi ke nan na sayi sirinji na kafa tebur a kasuwar Yankara, mutane na ce mini likita ina amsawa. Lokacin nan in ba a soka wa mutum allura ba gani yake ba a yi masa magani ba. Sai ƙanena, wanda ke bi mini, ya kamu da tari mai tsanani. Innarmu ta ce a kai shi asibiti, na yi ta faɗa wai ta raina ni, ga likita a gida. Na ɗauko wata allurar tari mai ƙarfi ina yi masa safe da yamma. Bayan kwana goma ya ce kunnensa na ƙara kamar gyare, in ya miƙe ƙasa na juyawa, na ce maganin ne ke aiki, na ma ƙara masa. Tarin ya tafi, jinsa ma ya tafi, har yau in yana tafiya sai ya dafa bango.

Garinmu Mabai ya ɗauka iska ce ta tsamiyar gonarmu ta shafe shi, har aka sare ta, yarinyar da zai aura iyayenta suka fasa. Ni ma na yarda da zancen iskar, ko in ce na ga ya fi mini sauƙi.

Watan jiya ɗiyata da ke karatun nas tana bita a tsakar gida, ta nuna mini hoton cikin kunne a waya. Ta ce bayan dodon kunne can ciki akwai wani abu a nannaɗe kamar katantanwa, cike da ruwa da 'yan gashi ƙanana, su ke kai wa ƙwaƙwalwa sauti, kusa da shi kuma 'yan bututu uku ne ke hana mutum tangaɗi. Ta ce akwai allurai da in aka zarce suke kashe gashin nan, kuma ba ya sake tsirowa, alamar farko ƙara ce da jiri. Ta faɗi sunan guda, wallahi ita ce. Na tashi kamar zan yi alwala don kada ta ga fuskata.

Ƙanen nawa yana gidana a Ƙanƙara, bai taɓa aure ba, shi ya yi renon 'ya'yana duka. Bakinsa bai mutu ba, yana magana, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, "Ba don allurar Yaya ba da tarin nan ya kashe ni."

Sai a rubuce ake yi masa zance, da ajami. Na rubuta masa takarda na faɗi gaskiyar abin da na yi, sati uku tana aljihuna. In na ba shi, na ƙwace masa yayan da yake alfahari da shi, in na yi shiru, da wane ido zan dube shi gaban Allah? Jiya ya ga bakin takardar ya leƙo daga aljihun, ya tura mini ita ciki da hannunsa, wai kada ta faɗi. Jama'a, in ba shi ko in ƙona ta?