Kada Rabi ta Shiga Motar Badaru

Sersouf, Tamanrasset
12 ga Fabrairu, 2001

Zuwa ga Yayana Zakariya'u,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Damagaram. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Ni ma lafiya lau, ina nan rumfar faci ina fama da tayoyin mutane. Kewa ce dai ta yi mini yawa. In na rufe rumfa sai in dafa shayi kofi uku in shanye ni kaɗai, babu wanda zan ce wa ya yi zaƙi ko bai yi ba.

Yaya, ka san mun shirya Badaru direba zai zo mini da matata Rabi da 'yarmu Raihana kafin Babbar Sallah. Na shafe ɗaki da farar ƙasa, na sayi tabarma ta biyu. To, ina roƙonka kada ka saka su motarsa.

Shekaranjiya ya tsaya wurina a ƙara wa tayoyinsa iska, zai sauko gida. Na durƙusa na duba tayoyin baya, duk gefensu ya tsattsage kamar kaushin ƙafa. Ka san in mota ta shiga rairayi ana rage wa taya iska don kada ta kafe, in an fito kan duwatsu a mayar. Badaru ƙyuya ba ta barinsa ya mayar, haka yake gudu a kan tsakuwa da taya ba isasshiyar iska har ta cinye. Abin da ya fi tayar mini da hankali, tayar ko-ta-kwana biyu ake ɗauka a hanyar nan, shi ya sauke ɗaya don buhunan dabino su samu wuri. Gangunan ruwa masu nauyi, da ya kamata su zauna ƙasa a tsakiya, ya ɗaure su can sama gefe guda, motar ta karkace tun ba ta tashi ba. A kan irin wannan lodi ake ɗora mata da yara.

Na yi masa magana, ya yi dariya, ya ce shekara goma sha biyu yana hanyar, kuma wai mai faci ba ya rasa ganin ciwo a jikin taya. Na ce masa tsakanin Arlit da In Gezzam babu rumfar faci, babu inuwa. Ya ce Allah ke tsarewa. Gaskiya ne, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Direban da na yarda da shi Mahamane ne, mai sauka ya taɓa tayoyinsa da hannu a kowane zango. Shi kuwa ba zai sauko ba sai bayan damina. Wata bakwai ke nan. Na ƙirga su da yatsu, Yaya, kuma sai da na yi hawaye. Raihana tana goye na baro ta, an ce yanzu har aikenta ake yi, ba ta san muryata ba.

Rabi za ta ji zafi, wataƙila ta ɗauka na daina marmarin zuwanta ne. Ka karanta mata takardar nan da bakinka. Ka ce ta kwance kayanta. Na fi son in ci sallar nan ni kaɗai da in tsaya bakin tasha ina tambayar kowace mota ko ta gan su a hanya.

Ka gaida Inna, da Mariyamu, da Hasan. Ka ɗauki Raihana ka faɗa mata sunana.

Ƙaninka,
Salifu